Darasin Wata: Ci Da Cefane A Birnin Zanzibar

Da wuya a shiga gidan da ake dama kunu ko ake daka yaji a ƙasar Hausa a rasa kanumfari. Amma ba a gonakin Arewa ake noma shi ba. Daga nesa yake zuwa. Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna a duniya saboda kanumfari shi ne Zanzibar. Darasin wannan wata zai bi baƙon da ya sauka a birnin, a ga abin da zai ci, da inda zai yi sayayya, da yadda zai kare aljihunsa.

Ina ne Zanzibar?

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Zanzibar tarin tsibirai ne a cikin Tekun Indiya, gabas da Afirka. Manya daga cikinsu biyu ne, Unguja da Pemba. Birnin Zanzibar yana yammacin Unguja, a bakin teku. A 1964 Zanzibar ta haɗe da Tanganyika, aka sami ƙasar Tanzaniya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9. Mafi yawansu Musulmi ne, harshensu kuma Suwahili. Daga birnin Darussalam jirgin ruwa mai sauri yakan kai mutum cikin kamar awa biyu.

Tsohon ɓangaren birnin sunansa Mji Mkongwe, wato Tsohon Gari. Turawa suna ce masa Garin Dutse, don da duwatsun teku aka gina gidajensa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Lungunansa matsattsu ne, da yawansu mota ba ta shiga. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ba zai yi mamaki ba. Baƙo zai ɓata, wannan babu makawa, amma garin ƙarami ne. In ya yi ta tafiya, ko ya ɓulla bakin teku ko ya ɓulla kasuwa.

Iska ce ta kawo girkin

Wanda ya ɗanɗana abincin Zanzibar zai ji hannun Afirka, da na Larabawa, da na Indiyawa, duk a kwano guda. Dalilin haka iska ce. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas. Ita ce take turo jiragen ruwa masu filafilai daga Oman da Farisa da Indiya. Bayan 'yan watanni sai ta juya, ta mayar da su gida. Fatake sukan zauna watanni suna jiran juyawarta. A wannan zama suka yi aure, suka kafa shaguna, suka bar irin girkinsu. Wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa Zanzibar daga Maskat.

Abu biyu ne ginshiƙin tukunya a can: kwakwa da kifi. Ana goge kwakwa a kan wata 'yar kujera mai ƙarfe mai haƙora a baki. Sunan kujerar mbuzi, wato akuya. Sai a matse gogaggiyar kwakwar da ruwa, a sami madara fara da ake kira tui. Da ita ake dafa shinkafa, da wake, da rogo, da ayaba, da ganye. Aikin da man gyaɗa yake yi a ƙasar Hausa, kusan shi tui yake yi a can.

Karin kumallo

Bahaushe ba zai sha wuya da safe ba. Akwai uji, wanda ɗan'uwan koko ne. Akwai vitumbua, ƙullun shinkafa da madarar kwakwa da ake soyawa a tanda mai ramuka. Wannan masa ce sak, sai dai ta fi zaƙi kuma tana ƙanshin wani ɗan kayan yaji da suke kira iliki. Akwai mandazi mai kama da fanke. Akwai kuma gurasar riɗi, mkate wa ufuta, wadda ake ci da shayi mai kayan ƙanshi.

Maza kuwa sun fi son gahawa. Masu sayar da ita suna zuba ta baƙa, mai ɗaci, a 'yan ƙananan kofuna marasa hannu. Ba a cika sa mata sukari ba. Ana gutsurar kashata a kai, wato alewar kwakwa ko ta gyaɗa, kamar kwakumeti. A jikin gidajen Tsohon Gari akwai dakali da ake kira baraza. Nan dattawa suke zama da kofinsu suna hira. Baƙon da ya yi sallama za a matsa masa wuri.

Kasuwar Darajani

Babbar kasuwar birnin ita ce Darajani. An gina ta a 1904. Ma'anar sunan "bakin gada", don a da akwai wani rafin teku a wurin, daga baya aka cike shi aka yi titi. Tsallaken titin ita ce unguwar Ng'ambo, wato Ƙetare, inda yawancin mutanen gari suke zaune. Tashar ƙananan motocin haya, daladala, tana nan kusa.

Da sassafe ya kamata a je. Lokacin ne masunta suke kawo kamun dare, ana yin gwanjonsa da ihu. Akwai manyan kifaye irin su jodari da nguru, wani ya kai tsawon yaro. Akwai ƙanana da ake shanyawa, dagaa, abincin talaka. Akwai ƙaguwa da jatan lande. Akwai kuma wata halitta mai hannuwa takwas, ba ta da ƙashi, sunanta pweza. Baƙo daga Arewa zai iya ja da baya in ya gan ta. Amma mutanen can, waɗanda yawancinsu 'yan mazhabar Shafi'i ne, suna cin ta, kuma mazhabar Maliki ma ta halatta naman teku. Ana bubbuga ta don ta yi laushi, sannan a dafa ta da madarar kwakwa. Masu ci sun ce ba ta da na biyu. Ɓangaren kifi yana da ƙarni da ƙudaje, gaskiya, kuma ƙasan a jiƙe take. Mai farin takalmi ya yi hattara.

Ɓangaren 'ya'yan itace ya fi daɗin ido. Ga mangwaro, ga abarba, ga gwanda, ga ayaba iri iri har da ja. Sai waɗanda ba a sani ba a Arewa. Fenesi ƙato ne mai ƙurajen baya, wani ya fi kabewa, ana sayar da shi yanka yanka. Shokishoki ja ne mai gashi, cikinsa fari mai zaƙi. Doriani kuwa mai ƙaya ne, warinsa yana korar mutum, amma masu son sa ba sa jin kira. Kowanne da lokacinsa. Abin da ya cika kasuwa a ranar shi ne mai araha, shi ne kuma mai daɗi.

Wanda yake son sari ko farashin ƙasa sai ya hau daladala zuwa kasuwar Mwanakwerekwe a wajen gari. Can manoma suke sauke kaya, baƙi 'yan yawon buɗe ido kuma ba su cika zuwa ba.

Abincin rana

Akwai manyan gidajen abinci a bakin teku da saman benaye. An yi su ne don masu zuwa daga Turai, kuɗinsu ma haka. Mutanen gari kuwa suna ci a ƙananan shaguna ko wurin mata masu tuwo da ake kira mama lishe. Hanyar gane wuri mai kyau ɗaya ce da ta kowace tasha: inda 'yan gari suka cika, tukunya ba ta kwana.

Shinkafa ce sarauniya. Pilau shinkafa ce da ake dafawa tare da nama, da kanumfari, da kirfa, da masoro, har ta yi ruwan ƙasa. Biriani kuwa daban ake dafa shinkafar, daban miyar, sannan a haɗa. Abincin biki ne da na ranar Juma'a. Mai kewar gida ya nemi ugali, tuwon masara ne, sai dai ya fi na Arewa tauri.

Amma abincin da birnin ya fi alfahari da shi na titi ne, sunansa urojo. Wani romo ne mai kauri, rawaya, mai tsami. Da fulawa ake kaɗa shi, da kurkum, da ɗanyen mangwaro ko lemun tsami. Mai sayarwa zai zuba dafaffen dankalin Turawa a kwano, ya sa bajia, wadda ƙosai ce ta wake, ya barbaɗa soyayyen rogo, sannan ya kwarara romon. In an so a ƙara ƙwai ko tsire, sai yaji da markaɗen kwakwa a sama. Kowane ƙari da kuɗinsa. Shi ya sa ake tambaya tun kafin cokali ya shiga kwano.

Forodhani da dare

In rana ta faɗi sai jama'a su nufi Forodhani. Lambu ne a bakin teku, gaban tsohuwar ganuwa. An gyara shi a 2009. Bayan magariba masu abinci suke jera tebura su kunna fitilu. Akwai mishkaki, wato tsire, sai dai babu ƙuli a jikinsa. Akwai abin da suke kira fizar Zanzibar. Ƙullin fulawa ne da ake murzawa ya yi siriri, a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai, a naɗe, a soya a kan faranti a gaban mai saye. Akwai ruwan rake da ake matsewa nan take da injin hannu, a haɗa da citta da lemun tsami.

Wurin yana da kyau, amma nan ne baƙi suka fi yin kuka. Wasu tebura suna shaƙe da kifi da jatan lande da aka riga aka dafa. In an saya sai a ɗumama kawai. A gari mai zafi, naman teku da ya daɗe a fili yana iya ɓata ciki, ya kwantar da mutum kwana biyu. Abin da aka soya ko aka gasa tun daga ɗanye a gaban ido ya fi aminci. Sannan wasu masu tebur ba sa faɗin farashi sai an cinye. A lokacin kuwa babu sauran ciniki. 'Yan gari da suke zuwa da iyalansu sun fi tsayawa wurin urojo da fiza da rake. Baƙo mai wayo sai ya bi sahunsu.

A watan azumi yawancin wuraren abinci na 'yan gari a rufe suke da rana, kuma ba a son a ga mutum yana ci a titi. Ranar Juma'a ma shaguna da yawa sukan rufe lokacin salla.

Kanumfari da 'yan'uwansa

Asalin kanumfari tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya. A farkon shekarun 1800 aka kawo shi Zanzibar. Sarakunan Larabawa suka buɗe manyan gonaki, kuma bayi ne suka yi aikin. Wannan tabo ne a tarihin garin. Sai a 1873 aka rufe kasuwar bayi, aka gina coci a wurin, yana nan har yau a unguwar Mkunazini. A 1872 wata guguwa ta kakkarye yawancin itatuwan Unguja. Tun daga nan Pemba ta zama uwar kanumfari. Bayan juyin mulkin 1964 gwamnati ta karɓe cinikinsa na waje ta hannun kamfaninta, kamar yadda hukumar sayen gyaɗa ta taɓa yi a Arewa. Yau Indunusiya ce ta fi kowa noma shi.

Kanumfari ba ɗan itace ba ne, tohon fure ne. Ana hawa bishiya a tsinke shi da hannu kafin ya buɗe. Sai a shanya a tabarma kwanaki har ya yi duhu. Mai kyau yana da ɗan kansa a sama, launinsa ja mai duhu. In an danna shi da farce sai a ga maiƙo. Akwai kuma gwajin ruwa. A jefa 'yan ƙwayoyi a kofi: mai mai zai nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda aka tatse wa mai ko ya tsufa zai kwanta a saman ruwa. Wannan gwaji zai yi amfani ko a kasuwar ƙauye.

A Darajani ana samun kirfa, da masoro, da citta, da kurkum, da gyaɗar ƙanshi. Wanda aka ƙulla a 'yan ƙananan kwanduna masu ado na baƙi ne, kuɗin kwandon ake biya. Wanda ake aunawa a sikeli ya fi araha. Gara kuma a sayi ɗan tsaba a daka a gida, don garin yaji yana saurin rasa ƙanshi, kuma ba a san abin da aka gauraya ba. Wani abin lura shi ne za'afaran. Ba a noma shi a tsibirin, kuma na gaskiya yana da tsada ƙwarai a duk duniya. Wanda aka tallata da araha yawanci busasshen wani fure ne mai kama da shi.

Zane mai magana

Tsarabar da mata suka fi so ita ce kanga. Zane ne mai faɗi, yana da ado a gefensa huɗu. Falle biyu ake sayarwa a haɗe, ɗaya na ɗaurawa, ɗaya na yafawa. Kanga a Suwahili zabo ne, don zanen farko ɗigo ɗigo ne kamar gashin zabo. Abin da ya bambanta shi da atamfa shi ne rubutu. A ƙasan kowane falle akwai layin magana da aka buga da manyan baƙaƙe. Wani addu'a ne, wani godiya ga uwa, wani kalmar so. Wani kuwa habaici ne tsantsa ga kishiya, ko ga maƙwabciya mai gulma. Mace takan ɗaura shi ta wuce ta gaban wadda take nufi, ba ta ce uffan ba, amma saƙo ya isa.

To, a nan karatu yake rana. Matar Zanzibar ba ta sayen kanga sai ta karanta. Baƙon da ya bi kyan launi kawai zai iya kai wa surukarsa baƙar magana a naɗe a takarda. Da baƙaƙen boko ake rubuta Suwahili, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗi, kusan kamar Hausa. Wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci zai iya haɗa baƙaƙen ya karanta da ƙarfi, sannan ya nemi wani ya fassara masa. Ya fi kyau ya tambayi wanda ba mai shagon ba.

Maza suna sayen kofia, hula mai aikin allura da 'yan ƙananan huji. Ta hannu tana cin makonni, don haka ta fi ta inji tsada nesa ba kusa ba. A juya cikinta a duba ɗinkin. Akwai tabarmi, da kwanduna, da murfin abinci mai tsini da ake saƙawa da kaba. Akwai turaren wuta, udi, da lalle. Akwai sabulun ciyawar teku, wadda matan ƙauyukan gabas irin su Paje da Jambiani suke nomawa a cikin ruwa tun wajen 1989.

Shagunan titin Gizenga da titin Kenyatta cike suke da sassaƙa da zane zane. Da yawansu ba a tsibirin aka yi su ba, daga babban yankin Tanzaniya ko Kenya aka kawo. Hauren giwa da ƙoƙon kunkurun teku kuwa doka ta hana. Wanda aka kama da su a filin jirgi ya shiga uku.

Ciniki

Kuɗin ƙasar sulen Tanzaniya ne. Babbar takarda ita ce ta sule 10,000, saura 5,000 da 2,000 da 1,000. A 2025 gwamnati ta kafa doka cewa cinikin cikin gida da sule za a yi shi. A riƙe ƙananan kuɗi, don mai rake ba ya da canjin babbar takarda. A kuma riƙe jaka ko kwando. Tanzaniya ta hana leda a 2019, Zanzibar ma ta riga ta.

A kasuwa ana taya kaya kamar yadda aka saba. Sai an gaisa tukuna. "Bei gani?" shi ne nawa ne. "Punguza" shi ne rage. "Asante" shi ne na gode. Bahaushe yana da wata sa'a a nan, don harsunan biyu sun ari kalmomi daga Larabci. Ishirini ashirin ne, thelathini talatin, arobaini arba'in, hamsini hamsin, sitini sittin. Mia ɗari ne, elfu dubu. Kanumfari ma karafuu suke ce masa, gahawa kuma kahawa.

Amma agogonsu yana da tarko. Daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato awa ɗaya. Ƙarfe 12 na rana shi ne saa sita, awa shida. In tela ya ce a dawo saa nne asubuhi, awa huɗu ta safe ke nan, wato ƙarfe 10. Mai lissafi sai ya ƙara 6 a kan abin da aka faɗa.

Sai kuma 'yan rakiya. Tun daga bakin jirgi wasu samari suke manne wa baƙo, su ce za su kai shi shago mai araha. 'Yan gari suna kiran su papasi, wato kaska. Mai shago yana ba su la'ada, la'adar kuwa a kan kayan baƙo ake ɗora ta. Ba a faɗa da su. A ce "hapana, asante", wato a'a, na gode, a ci gaba da tafiya.

Aikin aji

1. Me ya sa fatake daga Oman da Indiya suke daɗewa a Zanzibar?

2. A kawo kanumfari daga gida, a gwada shi a kofin ruwa. Ƙwaya nawa suka tsaya, nawa suka kwanta?

3. A misali, baƙo ya sayi urojo na sule 3,000 da ruwan rake na sule 2,000. Ya ba da takardar 10,000. Nawa ne canjinsa?

4. Mai kifi ya ce a zo saa mbili asubuhi. Mbili biyu ne. Ƙarfe nawa ke nan?